Ranar da Na'ura Ta Ce a Shuka

A Mayahi babban taron ƙungiyar manoma ba ya zama sai bayan kaka, idan hatsi ya shiga rumbu, sanyi ya sauka, kowa ya sami sukunin yin magana. Lokacin ne kuma mutanen furoje, masu tallafa wa ƙungiyar, ke iya baro Yamai, don rana ba ta cin mutum a hanya. Shi ya sa duk shawarar da za ta yi aiki cikin zafin bazara, cikin sanyi ake yanke ta, dattawa sun naɗe kunnuwa da rawani suna hura shayi.

Abdurrahamane shi ke kula da na'urar ƙungiyar. Ya yi karatun ordinatar, wato kwamfuta, a Maradi, ya yi yawon neman aiki a Yamai har masu gadin ma'aikatu suka san sunansa, sannan ya dawo gida ya karɓi abin da ya samu. Aikin ba shi da wuyar bayani. A kowane ƙauye akwai ma'aunin ruwan sama, akwai mutumin da ke duba shi ya aiko da abin da ya gani ta salula. Na'ura ta haɗa wannan da bayanan da ke saukowa daga tauraron ɗan'adam, ta yi lissafinta, sannan ta kira manoma ta gaya musu ɗayan biyu: ku shuka, ko ku dakata. Muryar da suke ji ta Rashida ce, sakatariyar ƙungiya, an naɗe ta tun farko an ajiye. A ƙauyuka ba a cewa na'ura ta kira. Cewa ake yi yarinyar ta kira.

Na'urar kanta ba ta fi kwalin sikari biyu ba. Ƙwaƙwalwar da ke cikinta dangin ta salula ce, irin wadda aka ƙera don ta ci wuta kaɗan, ta yi zafi kaɗan. Fano biyu a kan rufi suna shan rana, da batir ɗin babbar mota, sun ishe ta, ko kuran, wato wutar lantarki, ya zo ko bai zo ba. Aibinta ɗaya, nawa. Ta fara lissafi bayan asuba sai hantsi ta gama, sannan ta hau kira, mutum bayan mutum, ƙauye bayan ƙauye, bisa jerin haruffan lakwal, wato makarantar boko. Mutanen Attantané su ji da walaha, na Tchaké sai la'asar.

A Tchaké ɗin Zara'u, yayar Abdurrahamane, take, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Mijinta Ladan ya daɗe a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, gona ta dawo kanta ita da ƴaƴanta mata biyu, Hussaina da Kubra. Bara, da ruwan farko ya sauka gari ya fita shuka, yarinyar ta kira ta ce a dakata. Zara'u ta zauna a gida maƙwabta suna yi mata dariya ta saman danga. Sai sama ta ɗauke, tsiro ya ƙone a gonaki, masu dariya suka shiga neman iri na biyu. Ita sau ɗaya ta shuka. Tun daga nan ba wanda ya isa ya taɓa mata yarinyar.

A taron bana furoje ya zo da zaɓi. Ko a ba ƙungiya ƙananan na'urori sababbi, dangin tsohuwar, da fano ɗinsu, su raba aikin tsakaninsu, ko a ba ta babbar na'ura guda ɗaya, wadda ake ce wa sarbar. Mai kawo babbar wani saurayi ne daga Yamai, Taufiq, mai tsabtar takalmi. Ƙarti suka shigo da ita suna nishi, baƙa, doguwa, kamar an kwantar da ƙofar ƙarfe.

"Wannan," in ji Taufiq, "irinta ce bankuna ke aiki da ita. Ƙwaƙwalwarta ba ta salula ba ce, ta manyan kamfanoni ce. Amma ban ce ku yarda da bakina ba. A gwada su a gabanku."

Aka ɗora ta da tsohuwar a teburi ɗaya, aka ba su lissafi ɗaya, na dukan ƙauyukan ƙungiya. Shugaba, Alhaji Maharazu, ya miƙa hannu a zuba masa shayi. Kafin kofin ya iso bakinsa babbar ta gama. Ƙaramar kuwa, aka sha na farko, aka sha na biyu, aka yi jawabin baƙi, tana nan tana ƙifta ƴar fitilarta.

"Ashe wagga ce ke sa mu zaman jira har la'asar," in ji wani tsoho daga Tchaké. "Mu mun zaci nisa ne."

Zaure ya ɗauki dariya. Abdurrahamane ya miƙe, ya jira ta lafa.

"Ranka shi daɗe, sauri kam tana da shi, ba musu. Amma tana cin wuta. Abin da za ta ci a yini ɗaya ya ishi ƙaramar wata guda. Kuma ba ta jure zafi. Mu kuwa aikinmu watan biyar ne da na shida."

"Mon frère, ai da kilim mai sanyaya ɗaki take zuwa," in ji Taufiq. "Da gurup ɗinta mai ba ta wuta, sabo fil. Mun san ƙasar da muke."

Alhaji Maharazu ya taso da kansa ya zagaya bayan na'urar, inda iska ke fitowa, ya kara tafin hannunsa. Safiyar nan ko ruwan alwala sai an ɗumama.

"Kai! Har ɗumi tana badawa. Ɗana, wagga ai ko don sanyi a aje ta."

Aka sake dariya, Abdurrahamane ma ya yi, ya zauna. Yana da sauran magana, ya kuma san yana da ita. Amma a zauren nan akwai waɗanda suka je sunansa, kuma mutum ba ya tashi sau biyu a gabansu kan abu ɗaya. Ban da haka, irin wannan na'ura a hoto kawai ya taɓa ganinta a lakwal, ga shi yanzu za a damƙa masa mabuɗin ɗakinta. Wanda ya yi shekaru gari yana kiransa mai gyaran salula ba ya ƙin irin wannan da dukan zuciyarsa.

Aka ɗaga hannuwa, aka shafa fatiha. A ƙungiyar nan, abin da aka shafa wa fatiha ba a sake buɗe shi sai wata kakar. Sun kafa wannan ne bayan wata rigima da ta kusa raba su gida biyu, kuma doka ce mai kyau, ta hana faɗa da yawa. Ƙaramar aka aika wa reshen Attantané don kada su ce an manta da su. Fano biyun aka mayar masallacin unguwa.

Har ƙarshen sanyi babbar ba ta ba kowa kunya ba, da yake ba abin da ake tambayarta. Baƙi in sun zo sai a kai su ɗakinta su ɗauki hoto. Da bazara ta kama, ɗakin ya zama wurin da ya fi ko'ina daɗin zama a unguwar, har wasu ƴan kwamiti suka gano cewa suna da sha'awar ilmin ordinatar, musamman tsakanin azahar da la'asar. Kuran kuma ya fara halinsa, ya zo ya tafi. Abdurrahamane ya zama bawan gurup: ya tada, ya kashe, ya leƙa tankin man gazuwal, ya wanke ragar kilim. Ya taɓa yi wa Alhaji maganar a dawo da ƙaramar a ajiye ta gefe, ko da za a buƙata. Alhaji ya dube shi kamar ya yi ashar.

"Fatiha fa anka yi, ɗana. In je in karɓe abin da na ba mutane?"

Ruwan farko ya zo cikin watan shida, da iska mai ƙarfi a gabansa. Iskar ta kayar da turakun wuta a hanyar Tasawa, kuran ya ɗauke ɗaukewar da ba ta kwana ɗaya ba ce. Da gari ya waye Abdurrahamane ya iso biro, wurin aikinsa, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a hancinsa, ya tarar inda gurup ke zama ba komai sai tabon mai da sawun amalanke. A ɗaki kilim ya mutu, babbar tana tafiya kan batiran ajiyarta, fankokinta suna kuka kamar injin niƙa. Rahotannin ruwa suna ta shigowa daga ƙauyuka. Ya buɗe ƙofa, ya buɗe taga, ya ɗauko mafici ya tsaya a bayanta yana fifita, mutum mai takardar Maradi. Rana ta ɗan ɗaga, zafin bayan ruwa ya taso mai gumi, ɗakin da zafinta ya riga ya cika ya zama tanda. Tana cikin aiki ta yi wata siririyar ƙara ta kashe kanta, yadda aka ƙera ta ta yi don kada ta ƙone. Bai san inda ta kai ba.

Gurup ɗin yana shato, wurin famfon gari. Ba kuran, ba abin da zai ɗaga ruwa, kuma na ƙungiya shi ne mafi girma a kusa. Abdurrahamane ya tarar layin bido, jarkokin ruwa, ya zagaye katanga ya miƙe har bakin titi, mata tsaye da goyo, Alhaji Maharazu zaune a inuwa yana lura.

"Ranka shi daɗe, yau ce ranar da aka kawo na'urar nan dominta. A ba ni shi zuwa azahar."

"Na sani, ɗana. Gidan likita ma sun aiko neman ruwa. Ga su nan," ya nuna matan da haɓa, "ka faɗa musu da bakinka su koma gida, kai za ka yi lissafi. In sun yarda, ni na yarda."

Abdurrahamane ya dubi layin. Ba mugu ko ɗaya a wurin, abin da ya fi ɓata masa rai ke nan. Ya juya. Kafin ya kai biro salularsa ta yi ƙara. Zara'u ce.

"Auta, kun samu ruwa?"

"Mun samu, Yaya. Ina kwana? Ya jikin Yaya Ladan?"

"Da sauƙi. Ka ji, nan ya sauka sosai. Na sa hannu har wuyansa ban iske busasshiya ba. Su Sirajo na maƙwabta sun fita da sungumi tun duku-duku. Yarinyar ba ta kira ba."

"Na'urar ce ta tsaya, Yaya. Ba kuran. Ki duba ƙasar ki yi yadda kika gani."

"Bara ma ai na gani. Da ganina na bi, da na zuba irina cikin wuta. Ƙasa na san ta, abin da ke bayan ruwan ne ban sani ba. Kuma bana shuka ɗaya gare ni, ka sani. Sauran hatsin ya tafi wurin maganin yayanka."

Ya sani. Shi ma ya taya ta ɗora buhunan a amalanke.

"To ki ɗan dakata. Ina gyara."

Ya faɗi haka ne don ba shi da wata maganar, ita kuwa ta ɗauke ta a matsayin hukunci.

Gurup ɗin ƙungiya bai huta ba, in matan gari sun janye sai masu dabbobi su matso. Abdurrahamane ya ari na mai kiɗan biki, bai ko motsa kilim ba. Ya ari na tela, ya ce bari ya gwada na'urar ita kaɗai da sanyin safiya. Gurup ɗin ya yi tari ya mutu kafin ta gama farkawa, telan ya zo ya ɗauke abinsa ba sallama. Sai ya hau moto ya tafi Attantané. Ya sami ƙaramar a kan kanta a ɗakin reshe, an lulluɓe ta da ƙyalle mai tsabta, ba wanda ya taɓa kunna ta. Ya goyo ta ya dawo, ya haɗa mata batir ɗin wata tsohuwar mota. Fitilarta ta kama nan take, cikin rana tsaka, ko gezau. Har ya yi hamdala da ƙarfi, Rashida ta leƙo daga ɗakinta.

Sai dai tsohuwar manhajar da ke cikinta ta nemi bayanan tauraro ta hanyar da ta saba, ta tarar furoje ya rufe ta tun da aka koma kan sabuwar na'ura. Ya ɗauko sabuwar manhajar da Taufiq ya bari, ya gwada ɗora mata, ta ƙi ko gane ta. Ya kira Yamai, rezo yana yankewa.

"Ba za ta ɗauka ba, mon frère," in ji Taufiq. "Ƙirar ƙwaƙwalwarsu ba ɗaya ba ce. Abin da aka rubuta wa babbar, ƙaramar ba ta jin sa. Akwai wanda aka yi wa ƙananan, amma ku ba shi kuka zaɓa ba."

"To a buɗe mini tsohuwar hanyar, ko na kwana biyu ne."

"Sai patron ya sa hannu, kuma yana taro a waje. Kai dai ka nemi kuran. Da kuran ya zo, minti nawa ne?"

Gaskiya ya faɗa, kamar yadda ya saba. Abdurrahamane ya zauna tsakanin na'urorin biyu, wadda ta san aikin ba ta iya tashi, wadda ta tashi kuma an ɗauke mata aikin. Rediyo ta ce ana sa ran ruwa a wasu sassan jihar Maradi. Jihar Maradi faɗi gare ta, kuma ba a faɗi ko gonar Zara'u tana cikin sassan ba.

Jigawa ba ta riƙe ruwa. Rana ta hau shan abin da sama ta zuba, kullum ta rage kaɗan. Zara'u ta ci gaba da kira, kiran yana gajarta. Ta ce hatsin Sirajo ya huda ƙasa. Ta ce Kubra na ta mita. Ta ce kada ya ga ba ta daɗewa, caji take tanadi, ba ta so yarinyar ta kira ta iske waya a mace. Kowane lokaci ya ce mata yana gyara. Sau ɗaya ya buɗe baki zai ce ta shuka kawai, sai ya tuna bara, ya tuna iri ɗaya ne, ya tuna shi wayoyi ya karanta, bai san komai kan gajimare ba. Ya haɗiye maganar.

Kuran ya dawo wata safiya, ƙasa ta riga ta koma fara. Kilim ya tashi da kansa. Abdurrahamane ya daure ya jira ɗakin ya huce, Rashida tana tsaye a bakin ƙofa, sannan ya yi bisimilla ya danna. Fankoki suka yi kuka, allo ya haska. Yana jawo kujera zai zauna sai ya ga sunayen ƙauyuka suna komawa kore, daga sama zuwa ƙasa, da saurin da ido ba ya iya karantawa. Daga ƴar lasifikar da ke gefe murya ta fito, mai sanyi, mai ladabi:

"Salamu alaikum manoma. Ƙasa ta jiƙu, ruwa na biye. Ku shuka."

Rashida ta dafe ƙirji. "Malam Abdu, wannan na yaushe ne?"

Na ranar da aka yi ruwa ne. Ashe ta gama lissafin tun safiyar ranar, ta jera kiran, zafi ya kashe ta kafin ta buga. Yanzu da ta farka, da abin da ta bari ta fara, kamar kowane ma'aikaci nagari. Saƙon ba rana a cikinsa. Sa'ad da aka naɗe shi ba wanda ya ga dalilin sa rana, tun da a ranar ake jin sa.

Ya yi tsalle ya fizge wayar rezo daga bayanta, ya dawo ya duba allon. Tchaké, can ƙasan jerin, kore ce. Da tsohuwar ce, da yanzu ba ta gama gaisawa da mutanen Attantané ba, da ya tsayar da ita ya kuma sha ruwa. Wannan ta kira ƙauyuka duka a tare kafin ya gama zama. Abin da aka zaɓe ta dominsa ke nan.

Ya kira Zara'u, waya a kashe. Ta ji abin da take jira, ta adana sauran cajin. Ya yi ta neman Sirajo, layi a cushe, ƙasar duka tana kiran juna da albishir. Da ƙyar ya same shi.

"A'a, injiniya! Yarinyarku ta makara, mu har mun fara zancen noma. Amma ta kyauta, waɗanda sunka jira duk sun fita."

"Malam Sirajo, don Allah ka je gonar Yaya ka ce ta tsaya. Saƙon ba na yau ba ne."

"Mi ka ce? Ɗaga murya, ina bisa amalanke, za ni kasuwa. Zara'u ai ta ari sungumina, na gan su sun..."

Rezo ya yanke. Abdurrahamane ya mayar wa na'urar da wayarta don ta jawo sababbin bayanai, ya ce wa Rashida ta hau kiran masu ma'aunin ruwa ɗaya-ɗaya da bakinta, su yi shela a garuruwansu. Shi kuma ya hau moto.

Hanyar Tchaké rairayi ce, ba ta san gaggawar kowa ba. Moto ta nutse, ya sauka ya tura, ya sake hawa, ta sake nutsewa. Ya tsaya sayen asansi, wato fetur, a kwalba, mai sayarwa yana tacewa da ƙyalle a natse yana ba shi labarin cewa yarinyar ta kira. Yana cikin wata turawar Rashida ta same shi.

"Rezo ne ya ja, sai yanzu bayanan suka sauko. Ita kuwa nan da nan ta gama. Ta ce a dakata. Ruwan da ke biye ya bi ta kudu, ya zuba wajen Tasawa. Nan ba a ganin komai nan kusa."

"Ta kira su?"

"Ta kira kowa. Wasu wayoyin a kashe, wasu an bar su gida. Malam Abdu, muryata ce fa. Ni za su ce na faɗa."

Ya mayar da salular aljihu ya ci gaba da turawa.

Ya isa gonar rana ta take tsaka. Daga nesa ya gan su, Hussaina a gaba tana sara da sungumi, Zara'u da Kubra a baya kowace da ƴar ƙwarya, su jefa iri, su rufe da diddige, su taka gaba. Layuka sun cika gonar tun daga gindin gawo har kusa da iyaka. A gonakin gefe ma akwai mutane, waɗanda suka yi haƙuri irin nata.

Ya kwantar da moto ya durƙusa ya tona da yatsa. Sama busasshiya, tana ƙona hannu. Can ƙasa, inda irin yake, akwai ɗan sanyi. Da ƙasar ta bushe ƙamas, da iri ya kwanta lafiya ya jira ruwa, kamar yadda masu binne ke yi. Wannan ɗan sanyin shi ne abin tsoro. Ya isa ya ta da ƙwaya ta kumbura ta fasa, bai isa ya rayar da ita ba.

"Kai, ga Auta da kansa!" Zara'u ta ɗago, gumi na bin wuyanta, fuskarta a sake. "Ka iya zuwa taya aiki, sai da anka gama. Kubra, ba kawunki ruwa, ya yi fari kamar an tono shi."

"Yaya, ku tsaya."

"Saura kaɗan."

"Ku tsaya, don Allah. Saƙon da kika ji ba na yau ba ne. Na ranar da aka yi ruwa ne, ya maƙale cikin na'ura."

Sungumin Hussaina ya tsaya. Zara'u ta dube shi, ta dubi ƙwaryarta.

"Amma yau ta faɗa. Da kunnena. Na ga ƙasar ta sha iska, na ce tunda ta ce ruwa na biye, ita ta san abin da ta gani."

"Ya biyo, ya bi ta Tasawa. Yanzu ta sake kira ta ce a dakata."

"Ta sake kira," in ji Zara'u a hankali. "Wa ta samu?"

Kubra ta dire butar ruwan da ƙarfi. "Kawu, kwana nawa muna zaune muna kallon mutane suna shuka? Ina gyara, ina gyara. Gyaran ke nan?"

"Ke, rufe mini baki. Kawunki ne."

"To mu tono, Inna."

"Ki tono hatsi cikin rairayi? Bisimilla, fara."

Zara'u ta karkata ƙwaryar, irin da ya rage ya taru a gefe, bai cika tafi ba.

"Ba za a yi ruwa ba ko kaɗan, Auta? Ko yayyafi?"

Ya so ya ce Allah ne masani, kuma gaskiya ne, amma ya san ba wannan take tambaya ba.

"Na'ura ba ta ga komai nan kusa ba, Yaya."

"Wadda ta ce mu shuka."

"Ita."

Ta gyaɗa kai. Ta juye na ƙwaryar Kubra cikin tata, ta ƙulle duka a bakin zane. Sannan ta dubi gonar gefe, inda wata mata ke sunkuye da ƴaƴanta.

"Hussaina, je ki faɗa wa su Ikram su tsaya, su faɗa wa na gabansu. Ki ce ni na ce. Kada ki ce daga wurinsa."

Suka nufi gida, shi a baya yana tura moto, don bai ga kyan hawa ba su suna ƙasa. Mutanen da ke gonakin hanya suna ɗago hannu suna yi masa sannu da aiki, yana amsawa. A bakin danga Zara'u ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Yayanka na kwance shina jira. Da yarinyar ta kira na kara mishi wayar a kunne ya ji da kansa, har ya yi hawaye. Kada ka faɗa mishi komi yau. Ni na san sa'ad da zan faɗa."

Ladan yana kan tabarma a inuwar rumbu, an jingina shi da matashi. Da ya ga Abdurrahamane ya ɗaga hannun da ke aiki. Maganarsa da ƙyar take fitowa, ta gefen baki, sai an matso. Abdurrahamane ya durƙusa ya kama hannun.

"An... gama?"

"An gama," in ji Zara'u daga bakin madafa.

Ladan ya matse yatsun Abdurrahamane da sauran ƙarfinsa. "Allah... shi yi wa karatunka... albarka."

"Amin," in ji Abdurrahamane.